La'ada Ba Ta San Ƙarshen Wata Ba

Wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya yi shekara tara yana aikin ba da rance a wani kamfanin ajiya da lamuni a nan Ankara, kamar yadda mu 'yan zango muke kiran Accra. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya, bayan 'yan watanni ya bi da wasu 23 masu ɗan girma, guguwar kuwa ta haɗa da shi. Ya taɓa wannan ya taɓa wancan, babu wanda ya zauna. Wata rana bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida a Nima ya ce, "Yaya, dillancin gine-gine zan shiga. Ba na ɗaki da falo ba. Shaguna, ofisoshi, sito-sito. Ciniki ɗaya ya fi albashina na wata shida."

Lissafin nasa daidai ne. Abin da bai saka a ciki ba shi ne watannin da ke tsakanin ciniki da ciniki. Tun daga ranar na ga irinsa da dama: malamin makaranta, ma'aikacin banki, mai fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema, kowa ya hango dogayen benayen gilashi na Airport City da Ridge ya ce akwai rabonsa a ciki. Akwai ɗin, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dillanci ba baƙonmu ba ne, kuma wannan shi ke ba mutanenmu ƙarfin gwiwa. Tun zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, fatake suna sauka a Salaga wurin maigida, ya ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya tsaya musu idan bashi ya shiga tsakani. Har yau idan ka je kasuwar shanu ta Tulaku a Ashaiman za ka ga ragowar tsarin: mai saye ya taya, mai dabba ya ce albarka, dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari har a sallama, a tafa, a ba shi la'adarsa nan take. Babu takarda ko ɗaya. Jarinsa duka bakinsa ne da sunansa. Wanda ya tashi yana ganin haka yakan ɗauka cewa gini ma sa ne babba. To amma sa, idan an biya an ja igiya, magana ta ƙare. Gini kuwa ranar da aka biya kuɗi ne maganarsa take farawa, domin wanda ya karɓi kuɗin ba lallai ne shi kaɗai ke da iko da wurin ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai bambancin da sabon shiga ke sha da wuya kafin ya gane. Mai neman ɗakin kwana yana duba ko wurin ya kwanta masa: iska, maƙwabta, nisan masallaci, ko iyali za su so. Mai neman wurin kasuwanci ba ruwansa da wannan. Tambayarsa ɗaya ce, nawa wurin zai kawo. Ƙanen nawa ya koyi wannan darasi a wani sito da ke bayan titin Spintex. Ya kwana biyu yana shirya bayani a kan sabon fenti da faɗin ciki. Alhajin da ya zo gani, mai shigo da shinkafa da man girki, ko ciki bai fara shiga ba. Ya tsaya a bakin get ya sa direbansa ya auna faɗin ƙofar da taku, ya dubi kwanar da tirela za ta karyo, ya ɗaga kai ya ƙirga wayoyin lantarkin da suka shigo ginin. Sai ya zagaya baya, ya durƙusa, ya nuna wani siririn layi mai ruwan ƙasa a jikin katangar maƙwabci, kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Ya ce, "Yaro, naku bangon an yi masa fenti, na maƙwabci ba a yi ba. Nan ruwa ya tsaya. Buhu nawa kake so in zubar?" Ya shiga mota. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015, daren da ruwa da gobara suka haɗu a gidan mai na unguwar Circle mutane fiye da 150 suka rasu, ya san cewa a wannan gari tambayar ruwa tana gaba da tambayar haya.

Kasuwar kanta ba ɗaya ba ce. Ta sama, wato manyan ofisoshi da rukunin kantuna irin Accra Mall da West Hills Mall, tana hannun kamfanonin dillanci masu ma'aikata da lauyoyi da masu ƙiyasta darajar gini, yawancinsu 'yan ƙungiyar safiyoyi ta Gana, wasunsu sun karanta tattalin filaye a jami'ar KNUST ta Kumasi. A can ana yanka haya ne bisa kowane murabba'in mita a wata, ana ɗora kuɗin hidima na gadi da shara da janareto da lif a kai, kuma kamfanin da ke neman ofis yakan ɗauki watanni yana aika takardu hedikwatarsa kafin ya sa hannu. Mutum shi kaɗai da wayarsa ba ya kutsawa nan, sai dai ya shiga ƙarƙashin wani kamfani ya koya. Zuwan sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka garin a 2020 ya sa an yi ta zancen cewa ofisoshi za su yi tsada, kuma wannan zance ya ja mutane da yawa cikin sana'ar. Zance dai ba ya biyan haya.

Inda ɗan zango ke da ƙafa shi ne kasuwar tsakiya: shagunan Makola da Okaishie, na waya a Circle, na kayan gyaran mota a Abossey Okai, jerin kantunan bakin titi a Madina da Kasoa, da sito-siton Tema da Spintex. Nan kuɗi ke juyawa da sauri, nan kuma rikici ya fi yawa, saboda abin da ake kira gudwil.

Gudwil kuɗi ne dunƙule da ɗan kasuwa ke biya domin a ba shi shago na wasu shekaru, biyar ko goma ko fiye, sannan ya ci gaba da biyan 'yar haya duk wata. A aikace kuɗin wuri ne, kuɗin ƙafar mutanen da ke wucewa ta ƙofar. Sau da yawa mai gini da wannan kuɗi yake ƙarasa ginin, shi ya sa za ka ga ana cinikin shagon da ko rufi ba a yi masa ba. Wani lokacin kuma ba mai ginin ke karɓa ba, ɗan hayar da zai tashi ne yake sayar da ragowar shekarunsa, kuma idan mai gini bai amince a rubuce ba, sabon shiga ya sayi iska. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma mai shago ba zai kai ƙarar wanda zai zauna a gininsa shekara goma ba. Dillali yana aiki ne a wannan tazara da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da kasuwa ke yi. Ranar da aka ɓata, ba mai gini ake fara nema ba. Shi ake nema, domin shi ne aka san gidansu.

Mu koma kan lissafin ƙanena. Abin da aka saba ji a gari shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya, a sayarwa kuma wajen kashi 5. Mu ƙaddara shago ne na sidi (kuɗin Gana) 3,000 a wata, an biya shekara biyu, sidi 72,000 ke nan, la'ada 7,200. Da daɗin ji. Sai dai da wuya ka ga ciniki da dillali ɗaya. Akwai wanda ya san mai gini, akwai wanda ya san wanda ya san shi, akwai mai gadin da ya riƙe makulli, akwai wanda ya kawo mai haya. Idan aka raba huɗu kowa ya tashi da 1,800, bayan ya yi wata biyu yana ƙona mai da katin waya. Wannan ma idan an biya ne. Ciwon da ya fi damun dillalai shi ne zagaye: ka haɗa mutum biyu yau, su yi musayar lamba a gabanka suna murmushi, bayan sati uku ka wuce ka ga ana kafa allon suna. Maganinsa takarda ce da mai gini zai sa wa hannu tun kafin ka kai kowa, wadda ta faɗi la'ada nawa, wa zai biya, yaushe. Mutanenmu suna jin nauyin miƙa wa dattijo irin wannan takarda, gani suke kamar an ce ba a yarda da shi ba. A ganina wannan kunya ta cinye la'ada fiye da yadda macuta suka ci.

Ita ma gwamnati ta shigo. A 2020 majalisa ta zartar da dokar dillancin gidaje da filaye, mai lamba 1047, wadda ta kafa hukumar da ke ba da lasisi da sa ido a kan sana'ar. Dokar ta yi mataki biyu: babban dillali mai lasisin kansa, da wakili da ke aiki ƙarƙashinsa, kuma akwai jarrabawa ga mai shigowa. Ga wanda ya baro wani aiki, ma'anar wannan a fili take, ƙofar da aka buɗe masa ita ce ta yaron gida, ya yi zaman koyo wurin wanda ya riga shi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, haka ake koyon kowace sana'a a zango. Abin da ya zo sabo shi ne dokar ta hana biyan kuɗin cinikin gida ko fili da tsabar kuɗi, sai ta banki ko caki ko tura kuɗi ta waya, domin toshe hanyar masu wanke kuɗin haram da gine-gine. Ka gaya wa ɗan kasuwar da ya saba zuwa da kuɗi a jakar bakko cewa sai ya bi ta banki, ka ga kallon da zai yi maka. Mutane da yawa na dillanci ba lasisi, gaskiya ne, amma banki ko kamfanin sadarwa ko ofishin jakadanci ba za su zauna da irinsu ba, kuma a wurin waɗannan ne la'ada mai kauri take.

Sai babbar magana, wadda ta sa na ce gini ba sa ba ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana tana hannun gargajiya, wato kujerun sarauta da dangogi. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da filin sarauta sayarwa ta har abada, ya kuma taƙaita wa wanda ba ɗan ƙasa ba hayar ƙasa zuwa shekara 50 a lokaci ɗaya. Ɗan ƙasa yakan samu har 99. Saboda haka idan aka ce ana sayar da bene a Adabraka ko Osu, yawanci abin da ake sayarwa shi ne ragowar shekarun da ke kan takarda. Benen da ya rage masa shekara 70 da wanda ya rage masa 12 ba farashinsu ɗaya ba, ko da tagwaye ne, kuma banki ba zai karɓi na biyun jingina da daɗin rai ba. Dillalin da bai iya buɗe takardar yarjejeniya ya nemo ranar da aka fara ƙirga ba, bai san abin da yake sayarwa ba.

Unguwanninmu ma a kan wannan tsari suke. Malam Bako ya samu filin Sabon Zango daga masu ƙasa 'yan ƙabilar Ga, haka Malam Futa ya samu na Nima. Gidajen da kakanni suka gina a kai yanzu gado ne na jikoki ashirin ko talatin, wasu a Kumasi, wasu a Jamus, wasu a Amurka. Gidan da ke bakin babban titin Nima ya zama wurin kasuwanci mai tsada, kuma kullum akwai ɗan uwa ɗaya da zai zo maka da fara'a ya ce shi ne mai magana. Ka tambaye shi takardar rabon gado ko ta izinin kotu, ka ga yadda fuska ke sauyawa. Dokar filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta ƙara wani sharaɗi da mutane ke mantawa: dukiyar da aka samu a cikin aure ba a sayar da ita sai da amincewar abokin zama a rubuce. Ita ce kuma ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 a kan 'yan dabar da ake haya su tsare fili. Bincike a Hukumar Filaye wajibi ne, amma bai isa ba. Sai an je wurin, an tambayi maƙwabta, an ji ko akwai shari'a a kotu, domin fili ɗaya a wannan gari yakan yi masu shi uku, kowa da takardarsa mai hatimi. Wanda ya ga gidajen da aka rubuta wa gargaɗi da jan fenti cewa ba na sayarwa ba ne ya san dalili. A Kumasi abin ya ɗan fi sauƙin bi, saboda yawancin filaye suna komawa ga fadar Manhyia ta Asantehene, sarkin Asante, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A nan kuwa sarakuna da dangogi ne birjik, kuma iyakokinsu na hawa kan juna.

Kuɗin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Manyan gine-gine da dala ake yi musu farashi, duk da cewa Babban Banki ya sha gargaɗi cewa doka ta hana yanka farashi da kuɗin waje ba da izini ba. A 2022 sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba, ɗan hayar da ke sayar da kaya da sidi yana biyan haya da dala ya wayi gari hayarsa ta kusa ninkawa ba tare da mai gini ya ƙara ko kwabo ba. A 2025 abin ya juya, sidi ya farfaɗo, sai masu gini suka koma kuka. Layi ɗaya a cikin yarjejeniya, wanda ya ce da wane kuɗi za a biya kuma da canjin wace rana, shi ke raba wanda zai yi dariya da wanda zai rufe shago. Haka harajin haya: kashi 15 cikin 100 ne a ginin kasuwanci, 8 a gidan zama, kuma kamfani mai rajista yakan cire shi ya miƙa wa hukumar haraji kafin ya biya. Na ga cinikin da ya wargaje a ranar sa hannu saboda mai gini ya ɗauka kuɗin da aka ambata shi ne zai shiga aljihunsa cif.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Hausa ta sa 'yan kasuwar Nijar da Nijeriya mu suke fara nema idan sun sauka, kuma wannan babbar dama ce. Amma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe cinikin cikin kasuwa da na rumfa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya. A kan wannan ne aka sha garƙame shagunan baƙi a Circle da Suame ta Kumasi. Dillalin da ya karɓi la'ada ya sa baƙo ya biya gudwil na shekara goma bai gaya masa wannan ba, ya ci amanar masauki. Malamanmu ba su hana la'ada ba, amma sun hana ɓoye aibin haja da ƙara farashi da baki don a ruɗi mai saye. Ƙarin da wasu ke ɗorawa a ɓoye a kan kuɗin da mai gini ya faɗa, su kuma karɓi la'ada ta ɓangare biyu ba wanda ya sani, ba ya bukatar doguwar fatawa. Tambayar da ta fi wuya ita ce idan wanda ya fi kowa tayi mai gidan caca ne na wasannin ƙwallo ko mashaya. Kowa da inda yake ja layinsa, amma gara ya ja shi tun aljihu bai bushe ba.

Darajar wuri kuma ba a hannun dillali take ba. A Yulin 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie ta mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari ta hanyar Nsawam. Yawancinsu masu jin Hausa ne. Cikin kwanaki, ɗakunan ajiya da rumfunan da ake rububi a tsohon wuri suka zama ba mai tayawa, filayen da ba wanda ya kula da su a sabon wuri suka samu masu nema. Waɗanda suka amfana su ne masu zama da 'yan albasar, masu shan shayi da su, waɗanda suka san buhu nawa mota ke saukewa da irin inuwar da albasa ke so.

Nan ne nake ganin mai sauya sana'a ya fi yin kuskure: yana zubar da tsohon aikinsa a bakin ƙofa kamar takalmi, alhali shi ne kaɗai abin da ya fi tsofaffin dillalai da shi. Wanda ya yi aikin fito a Tema ya san wa ke da kwantena a hanya kuma ba shi da wurin saukewa. Wadda ta yi aikin kantin magani ta san sharuɗɗan da hukuma ke dubawa kafin ta yarda a buɗe wani. Ƙanena ya ɓata wata huɗu yana ɗaukar hoton benaye yana sakawa a Facebook da WhatsApp, yana fafatawa da mutum ɗari a kan gini ɗaya, kafin ya tuna cewa ya yi shekara tara yana shiga shagunan 'yan kasuwa yana duba littafin cinikinsu. Ya san wanda shagonsa ya yi masa kaɗan, ya san wanda hayar da yake biya ta fi ƙarfin cinikinsa. Ya daina neman gini, ya koma neman mutanensa. Ya kuma shiga ƙarƙashin wani dattijo mai lasisi, yana ba shi kaso, abin da da farko ya ce ba zai taɓa yi ba. Matarsa ce ta riƙe gidan da ɗinki a wannan tsakani, kuma da babu wannan da tuni ya koma neman aikin albashi.

Cinikinsa na farko ya faɗa a wata na bakwai. Wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ya taɓa ba rance sau uku, tana son shago na biyu a Madina. Ya kai ta wurare biyar, ya hana ta biyu da kansa, ɗaya saboda magadan ba su daidaita ba, ɗaya saboda yana ɓangaren titin da masu saukowa daga mota ba sa bi. Ranar biya ta zo da kuɗin a ƙulle cikin ɗankwali. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, banki za mu je." Ta dube shi ta ce, "Kai har yanzu aikin bankin bai sake ka ba?" Suka tafi, shi a gaba da fayil, ita a baya tana mita, suka bi layi na kusan awa ɗaya.